An sa mana sabuwar boila kyauta, amma gidan ya ƙi ɗumi: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Muna zaune a Bradford, gidan namu ne, tsohon gini mai ɗakin kwana uku. Wata huɗu da suka wuce wasu mutane suka ƙwanƙwasa ƙofa suka ce mun cancanci sabuwar boila kyauta a shirin gwamnati na ECO4. Suka cire tsohuwar da tankin ruwan zafin da ke sama, suka sa ƙarama a kicin, a yini ɗaya suka gama. Tun daga lokacin kusan kowane mako sai maigida ya ƙara mata ruwa saboda allurar da ke nuna matsin ruwa tana sauka, radiyetocin sama ba sa zafi sosai, in ana wanka aka buɗe famfon kicin sai ruwa ya koma sanyi, kuɗin gas kuma bai ragu ba. Mun kira kamfanin har mun gaji. Maigida ya ce mu haƙura tunda ba mu biya ko kwabo ba. Boilar ce marar kyau, ko yaya? Kuma muna da bakin magana?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki biyu ce a haɗe: me ya lalace, kuma wa ke da alhakin gyarawa. Zan fara da gajeriyar amsa. Abubuwan da kika lissafa ba su yi kama da ciwon boila ba, sun fi kama da ciwon haɗawa, wato aikin da ya kamata a yi wa bututai da radiyetoci kafin a rataya sabuwar da kuma bayan an rataya ta. Game da bakin magana kuwa, kuna da shi cikakke, daidai da wanda ya zaro fam dubu uku daga aljihunsa. Ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa haƙuri a nan ba shi da lada, domin boilar da ake ƙara wa ruwa kowane mako tana cin kanta ne a hankali.

Daga ina kuɗin yake fitowa

Mutane suna cewa "boilar gwamnati", amma a shirin ECO ba daga baitulmali kuɗin ke fitowa ba. Gwamnatin Birtaniya ta kafa shirin a 2013, ta ɗora wa manyan kamfanonin wuta da gas nauyin gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi, hukumar Ofgem kuma tana sa ido. Su kamfanonin sun riƙa maida kuɗinsu ta takardar wuta da gas da kowa ke biya, har da ku. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Zagaye na huɗu, ECO4, ya fara a Afrilun 2022, kuma an tsara shi ne a kan gyaran gida gaba ɗaya, ba sauya boila kaɗai ba: a duba rufi da bango da iska, a ɗaga gidan daga matakin da yake a takardar EPC, mai nuna yadda gida ke cin makamashi, zuwa na sama.

A takarda tsarin yana da kyau. Inda yake karkacewa shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Kamfanin gas ba ya zuwa gidanki. Yana sayen aikin daga dillali, dillali ya ba kamfanin haɗawa, shi kuma sau da yawa ya ba wani ɗan kwangila da ake biya bisa yawan gidajen da ya gama. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarku ma galibi aikinsa nemo suna ne, a biya shi la'ada. Kuma abin da ake auna wa a biya shi ne lissafin tanadin da kwamfuta ta ce gidan zai yi, ba ɗumin da kike ji a ɗakin yara da asuba ba. To, mutumin da ake biya kuɗi ɗaya ko ya kwana biyu ko ya yi rabin yini, wane ɓangaren aikin zai tsallake? Wanda ba a gani. Farar boila a bango kowa yana ganinta, ana ɗaukar hotonta a tura ofis. Wankin bututu ba ya fita a hoto.

Ba ina cewa duk masu aikin shirin haka suke ba. Na shiga gidaje da yawa da aka yi musu aiki mai tsafta, tsofaffi da marasa lafiya suka samu ɗumin da da ba za su iya saya ba, kuma ina ganin shirin alheri ne a asalinsa. Amma raunin sa ido ba zato na ba ne. A Janairun 2025 gwamnati ta dakatar da kamfanoni 39 daga aikin rufe bango don hana ɗumi fita, sannan a Oktoban 2025 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa, NAO, ya ba da rahoton cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka yi wa rufin bango ta waje a ƙarƙashin ECO4 da wani shirin rufe gidaje mai suna GBIS suna da manyan matsaloli da ke buƙatar gyara, na rufin ciki kuma kashi 29. Wannan rahoto a kan bango yake, ba boila ba, kada a haɗa. Sai dai hanyar biyan kuɗin da masu tantancewar duk ɗaya ne.

Allurar da ke sauka

Wannan ce ta fi damuna a cikin ƙorafinki, don haka zan daɗe a kanta. Tsohon tsarinku mai tanki a saman rufi buɗaɗɗe ne. Ruwan radiyetoci ba ya ƙarƙashin matsi sai nauyin ruwan da ke gangarowa daga tankin, kuma in wani wuri yana ɗiga kaɗan, tankin yana cikawa da kansa ba wanda ya sani. Boilar da aka sa muku, wadda ake kira kombi, rufaffen tsari ce. Ana cika ta zuwa ba 1 ko ba 1.5 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi) tana sanyi, a rufe. Bututai da bawuloli masu shekara talatin da ba su taɓa ɗaukar wannan matsi ba sai su fara gumi a mahaɗa. Ma'aikacin kirki yana gwada tsarin da matsi kafin ya tafi, ya kuma faɗa wa mai gida tun farko cewa wasu tsofaffin bawuloli sai an sauya.

Akwai gwaji biyu da za ku iya yi da kanku ba tare da taɓa murfin boilar ba. Na farko, ki ɗauki tishu busasshe ki bi kowace radiyeta, ki naɗe shi a ƙasan bawul na dama da na hagu, ki bar shi ya kwana. Ɗigon da ke bushewa da zafi ido bai gani, tishu yana kama shi. Koren gansakuka ko farin ɓawo a jikin notin bawul alama ce ta tsohon ɗigo. Na biyu, ki fita waje daidai bayan boilar, za ki ga ɗan siririn bututun tagulla da ya fito daga bango ya lanƙwasa. Wannan na bawul ɗin kariya ne, wanda ke buɗewa in matsi ya kai ba 3. Ki ɗaura masa leda ko ƙaramar gora. In kwana biyu kika tarar da ruwa a ciki, to ba ƙarƙashin daɓe ruwanku ke tafiya ba. Ko dai tulun da ke shanye kumburin ruwan zafi a cikin boilar ba a hura shi daidai ba, ko ya yi wa yawan radiyetocinku kaɗan ana buƙatar ƙarin wani a waje, ko datti ya maƙale a bakin bawul ɗin. Ki kuma lura da allurar lokacin da ɗumama ke aiki: in tana tashi daga 1 ta nufi 3 cikin rabin sa'a, zancen tulun ne.

Abin da ya sa na ce boilar na cin kanta: duk lokacin da maigida ya buɗe ya ƙara ruwa, yana shigar da sabon ruwa mai iska, yana kuma tsinka maganin hana tsatsa da aka zuba, in ma an zuba. Iska da ƙarfe su haɗu su haifi baƙin laka, lakar ta bi ruwa ta shiga cikin boilar. Ƙarin ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai ba ne. Kowane mako kuwa ciwo ne.

Radiyetoci masu sanyi

Ki sa hannu ki shafa bayan ɗumama ta yi minti ashirin. In sama ce ke sanyi ƙasa na zafi, iska ce, ɗan makulli ke fitar da ita, kuma tsarin da ke zubar da ruwa dole ya riƙa tara iska a bene. In ƙasa da tsakiya ne ke sanyi, laka ce. In kuma radiyetar gaba ɗaya ɗumi-ɗumi take alhali na ƙasa suna ƙona hannu, ba a daidaita rabon ruwa ba: kowace radiyeta tana da bawul mai hula a gefe ɗaya wanda ake matsewa kaɗan a na kusa da boila don ruwa ya isa na nesa. Aikin awa ɗaya ko biyu ne, shi ya sa ake tsallake shi.

Lakar ita ce babbar gardamata da aikin yini ɗaya. Sa sabuwar boila a kan bututan da ba a wanke ba kamar zuba ruwan sha ne a randar da ta shekara ba a ɗauraye ba. Tsohuwar boila mai ƙarfen zubi hanyoyin ruwanta masu faɗi ne, tana haƙuri da datti. Ta zamani hanyoyinta siriri ne ƙwarai, musamman farantin da ke dafa ruwan famfo. Ƙa'idar BS 7593 ta ce a wanke tsarin, a zuba maganin tsatsa, a sa matata. Matatar za ki gan ta a ƙasan boilar, a jikin bututun da ke dawo da ruwa, baƙa ce kamar gwangwani, da maganaɗisu a ciki. Na sha buɗe irin wannan matata a gidan da boilarsa ba ta cika shekara ba, in zaro sandar maganaɗisun ta fito lulluɓe da baƙin abu mai kauri kamar kwalli da aka kwaɓa, ruwan da na tara a roba kuma baƙi ƙirin. A takarda an rubuta an wanke. In ke ma kika fitar da iska daga radiyeta ruwan ya fito baƙi a tishu, ki ɗauki hoto. Shaida ce, kuma mai ƙarfi, domin masu ƙera boila sukan ƙi gyara a ƙarƙashin garanti in suka tarar da ruwan tsarin da datti.

Wanka da famfon kicin

A nan gaskiyar ba ta da daɗi. Kombi ba ta ajiye ruwan zafi, tana dafa shi ne lokacin da aka buɗe famfo. Mai kilowat 24 tana ba da kusan lita 10 a minti, mai 30 kusan lita 12. In mutum biyu suka buɗe tare, rabawa suke yi. Gidajenmu kuma ba irin gidan da mai lissafi ya zana ba ne, na mutum biyu da ke wanka sau ɗaya da safe. Akwai yara, akwai baƙi, akwai alwala sau biyar, akwai wanke-wanken tukwane. Gida irin wannan sau da yawa tankin ruwan zafi ya fi dace masa, kuma da an tambaye ku yadda kuke rayuwa, da an auna ƙarfin ruwan da ke shigowa daga titi, wataƙila da ba a cire shi ba. Kombi ta fi sauƙin haɗawa, ta fi araha. Abin da ya sa ake son ta ke nan.

Amma kafin a yanke cewa zaɓin ne ba daidai ba, sai a duba bututun gas. Tsohuwar boila tana iya rayuwa da bututu mai milimita 15. Kombi tana zuƙar gas da yawa lokacin dafa ruwan famfo, galibi tana son mai milimita 22 daga mita, kuma ƙa'ida ita ce kada matsin gas ya faɗi fiye da miliba 1 (ɗaya bisa dubu na ba) tsakanin mita da boila. Ja sabon bututu yana nufin ɗaga katako ko zagaya bango. In an bar siririn, boilar ba za ta kai ƙarfinta ba, kuma wannan ya wuce rashin jin daɗi, ya shiga batun lafiya. Injiniya ne kaɗai zai auna shi.

Kuɗin gas kuwa, ki kwatanta yawan kilowat-awa da ke takardar bana da ta bara a wata ɗaya, kada ki kwatanta fam, kuma ki tabbata karatun mita na gaske ne ba ƙiyasi ba. Tun Afrilun 2005 doka ta wajabta boila mai tatsar zafi daga hayaƙinta, kuma tun 2018 a Ingila sai mai ingancin kashi 92. Sai dai ba ta tatsar sosai sai ruwan da ke dawowa ya yi ƙasa da digiri 55. Yawancin masu haɗawa suna barin ta a 75 ko 80 su tafi. A kombi za ki iya sauke maɓallin da ke da hoton radiyeta zuwa 60, bayan an gyara sauran matsalolin.

Saboda lokacin sanyi, ki duba farin bututun roba da ke fitar da ruwan tatsar. In ya bi ta waje, siriri, ba a naɗe shi ba, ranar da ƙanƙara ta sauka zai daskare boilar ta tsaya. Haka ya faru da ɗimbin gidaje a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ake zuba masa ya narke.

Takardu, sannan matakala

Ki nemo abubuwa huɗu. Littafin boilar, wanda a bayansa akwai shafin Benchmark da mai haɗawa zai cike da sunansa, lambarsa ta Gas Safe (rajistar injiniyoyin da doka ta yarje wa aikin gas), matsin gas da ya auna, da maganin da ya zuba. Takardar shaidar bin dokar gini, wadda Gas Safe ke aikowa bayan an sanar da aikin, kuma wajibi ne a sanar cikin kwana 30. Shaidar rajistar garanti, wadda za ki tabbatar ta hanyar kiran kamfanin da ya ƙera boilar da lambar da ke jikinta. Sai takardun TrustMark, tsarin shaidar ingancin aiki da gwamnati ta amince da shi, domin aikin ECO4 dole a yi masa rajista a can tare da inshorar da ke tsaya wa aikin in kamfanin ya rufe. Shafin Benchmark da aka bari fari shi kaɗai ya isa hujja.

Daga yau a daina kiran waya. Ki rubuta imel, gajere, da kwanan watan aikin, matsalolin ɗaya bayan ɗaya, hotuna, da wa'adin kwana 14. Ki riƙa rubuta ranar da aka ƙara ruwa da inda allura take. A lokaci guda ki tuntuɓi Gas Safe Register: suna duba aikin gas da aka yi cikin wata shida kyauta, ku kuma kuna wata na huɗu, don haka kada a yi jinkiri. Su lafiyar gas suke dubawa, ba za su shiga zancen radiyeta mai sanyi ba, amma in bututun gas ya yi kaɗan ko bututun hayaƙi bai zauna ba, za su umarci wanda ya yi aikin ya dawo. In wa'adi ya cika shiru, sai ƙungiyar da ta ba kamfanin shaidar aiki, wadda sunanta ke shafinsa na TrustMark, daga nan TrustMark ɗin kanta, har zuwa mai sasanta rikici mai zaman kansa. Ofgem tana iya taimaka miki gano kamfanin makamashin da ya biya kuɗin aikin, kuma wasiƙa zuwa gare su takan motsa wanda ya ƙi ɗaga waya, domin shi ne mai ba shi abinci. Ki duba sunan kamfanin a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, kyauta ne. In ya rushe, kai tsaye sai inshorar. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice kuma za su taya ki tsara wasiƙa ba tare da kuɗi ba.

Wani kuskure da nake gani a wajen mutanenmu shi ne a gaji a kira wani ɗan'uwa mai hannu ya buɗe ya taɓa. Kada ku yi. Doka ta hana wanda ba shi da rajistar Gas Safe aikin gas, kuma da zarar wani ya kwance, kamfanin farko ya samu mafita. In za ku biya injiniya mai rajista, ku biya shi ya duba ya rubuta rahoto da hotuna tukuna, gyara ya biyo baya. Ki duba katinsa gaba da baya, a bayan ne aka rubuta irin aikin da aka yarje masa.

Iyakata a nan ita ce ban shiga gidanku ba. Daga bayaninki na fi karkata ga tsofaffin bawuloli masu ɗiga da tsarin da ba a wanke ba, amma ɗigo a ƙarƙashin daɓen kankare yana ba da alamu iri ɗaya, kuma gyaransa ya fi tsada da wahala. Injiniya zai raba gardamar ta hanyar rufe bawulolin boilar ta kwana a kashe: in allura ta sauka duk da haka, ciwon yana cikinta, in ta tsaya, yana cikin bututai. Batun ko za a tilasta musu maido da tanki kuwa ya danganta da abin da kuka sa wa hannu, wannan sai mai ba da shawarar doka ya karanta takardun.

Abin da ba ya jiran wasiƙa

In kun ji warin gas, ku buɗe tagogi, ku rufe gas a mita, kada a taɓa makunnin wuta, ku fita ku kira 0800 111 999. In mutanen gida suna fama da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya da ke sauƙi in an fita waje, ku kashe boilar, ku kira wannan lamba, ku nemi likita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, saboda haka ki tabbata akwai na'urar ƙararrawarta a ɗakin da boilar take, ki danna maɓallin gwaji. Kuma tunda ana yawan haɗa aikin ECO4 da toshe kafofin iska, ki kula da garwashin turaren wuta: gawayi yana fitar da wannan iskar, gidan da aka rufe ruf kuma ba ya sakin ta kamar da. A buɗe taga in za a turara, a fitar da kaskon waje da an gama. Ƙananan kafofin iska da ke saman tagogi da fankar banɗaki da ta kicin, ko sanyi ya yi tsanani kada a liƙe su da tef.